Ɗakin da Aka Gyara wa Auta

A layinsu Ta-Masauki ake ce mata, don tun kafin a haifi rabin masu kiranta haka take aiki a masaukin baƙi na bayan tasha. Ba nata ba ne, ko ƙusa ba ta mallaka a ciki ba. Ita ce mai cire zanin gadon da wani ya kwana a kai, mai wanke banɗakin da wani ya ɓata, mai tsince gashin wani a matashi. Gajeriya ce kakkaura, tafin hannunta duk ya ƙoƙe saboda sabulu. In ka ji wani yana cewa tana da taurin kai, bincika da kyau, za ka tarar ya taɓa neman ta yi abin da bai dace ba ne ta ƙi.

Abu ɗaya ya raba ta da sauran masu gyaran ɗaki. In ta gama aiki ba ta jan ƙofa ta wuce. Takan fita ta ajiye tsintsiya da bokiti a baranda, ta goge hannu, sannan ta dawo ta buɗe ƙofar a hankali, kamar yanzu ta sauko daga mota da gajiyar hanya. Ta zauna a bakin gado, ta duba inda idon mutum zai fara sauka. Daga nan ne ake ganin yanar gizo a bayan fanka, da ƙurar ƙarƙashin tebur, da labulen da bai kai ƙarshen taga ba. 'Yan matan da ta koya wa aiki sukan yi mata tsiya, wai Mama ta kama ɗaki. Takan ce su yi dariyarsu, ba su ne za su kwana a ciki ba.

Tun tana yarinya, a duk abin da ake faɗa a coci, wanda ya zauna mata a zuciya shi ne Ubangiji Yesu ya riga mu yin gaba don ya shirya mana wuri. Wasu in sun ji wannan zinariya suke hangowa. Ita mutum take hangowa ya naɗe hannun riga yana kaɗe shimfiɗa. Takan ce, "Ai aikinmu ɗaya da Shi. Sai dai nasa baƙin ba sa tashi da safe su tafi."

Mijinta direba ne, mutum mai shiru-shiru. Ya rasu ya bar mata 'ya'ya da gidan da suka gina ɗaki bayan ɗaki. Amma cikin waɗanda ta goya akwai wanda ba ita ta haifa ba. Mahaifiyarta ta haifi Auta da girma ya kama ta, ba ta kuma tashi daga haihuwar ba. A lokacin Ta-Masauki tana shayar da ɗanta na fari, Babba, sai ta haɗa su, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Suka tashi a tabarma ɗaya, kawu da ɗan yayarsa, ɗan ya girmi kawun. In faɗa ya haɗa su Auta yakan ce, "Durƙusa ka gaishe ni, ni kawunka ne." Babba ya ce, "Kawun da na riga fitar da haƙori."

Babba ya girma ya buɗe shago, shi ke kaɗa ganga a coci. Auta ya zama bakanike, hannunsa na da kyau, zuciyarsa na da saurin tashi. Wata rana a gareji gardama ta haɗa shi da abokin aikinsa a kan jak na ɗaga mota da aka ara ba a mayar ba. Auta ya ture shi, ya faɗa da ƙeya a kan injin da aka sauke, bai kai asibiti ba. Ba sai an shafa wa maganar mai ba: Auta ya kashe mutum. Mutumin kuma maƙwabcinsu ne, gidansa na kallon nasu, matarsa tela ce, tana da goyo a lokacin. Kotu ta ɗaure shi shekaru masu yawa, ba kuma wanda ya ce an zalunce shi, har yayarsa.

Duk tsawon shekarun nan ita kaɗai ke zuwa gidan yari, ta bi layi a rana da kwanon abinci da sabulu. Babba ya raka ta a farko-farko, ya dawo ya ce warin wurin ya hana shi cin abinci, shi ke nan. Ɗakin Auta, na bakin titi, ya mai da shi sito. Ya cika shi da kwalayen sabulu da buhunan shinkafa da jarkokin mai, ya sa wa ƙofar sakata ta waje da ƙaton kwaɗo, ya sa aka lafta wa tagar ƙarafa.

Ana nan, a wata ziyara, gandiroba ya ce mata an rage wa ƙanenta, zai fita. Ta ce yaushe? Ya watsa hannu. "Sai na sama sun sa hannu, Mama. Gobe ne, wata mai zuwa ne, ba wanda ya sani."

Ta dawo gida ta tarar da Babba a tsakar gida yana cin abinci. Ko gyale ba ta cire ba.

"Babba, ka kwashe kayanka daga ɗakin kawunka."

Ya ajiye cokali. "Mama, nan zai dawo?"

"A'a, kan bishiya zai dawo."

"Ba wasa nake ba. Ki dubi gidan da ke gabanmu. Ki dubi 'ya'yana. Ni nake tsayawa gaban jama'a duk Lahadi. A samo masa ɗaki a wata unguwa, ni zan ɗauki nauyi, ban ƙi ba."

"Na ji. Za ka ɗauki nauyinsa in dai ba za ka gan shi ba."

"Gidan babanmu ne fa."

"Babanku ya sayi bulo. Ruwan da aka kwaɓa simintin, a nan aka ɗauko shi." Ta buga tafin hannu a tsakiyar kanta. "Ka kwashe, ko in kwashe maka. In ni na kwashe, titi zan kai."

Ya ɗauka faɗar baki ce. Washegari ya fito zai tafi shago, ya tarar ta karya kwaɗon da guduma, kwali na farko yana zaune a bakin titi, tana fitowa da na biyu a kai. Kafin rana ta take ya samo mota ya kwashe sauran, yana yi yana ƙunƙuni.

Labari ya riga Lahadi isa coci. Matan da suke zama benci ɗaya da ita, waɗanda in ana waƙar gidanmu na sama suke rufe ido suna rangaji har ɗankwali ya zame, su ne suka tare ta bayan an tashi, wai za su ba ta shawara. A cikinsu ba wadda ta taɓa raka ta gidan yari. Ba wadda ta taɓa cewa ga sabulu ki kai masa. Amma shawara kam, kowace ta zo da tata cike da jaka.

"Ba cewa muke kada a yafe masa ba," in ji shugabar mata. "Amma yafewa daban, a dasa shi a tsakiyar mutane daban."

"To can sama fa, ina za a sa shi? Akwai wata unguwa ta bayan gari da aka ware wa irinsu?"

"Wannan ai sha'anin Ubangiji ne."

"Ni ma abin da na gani ke nan. Yana can yana gyara mana wuri, ni da ke da shi, bai aiko ya tambaya ko mun isa ba. In da cancanta zai bi, ni da ke a baranda za mu kwana. Ku ba ni hanya, fenti na jirana."

Ta kankare man da ya zuba a ƙasa har gwiwarta ta kumbura. Ta toshe ramin ɓera. Ta shafa farin fenti, ta shanya katifa a rana, ta shimfiɗa zanin gadon da ta daɗe tana ajiya a ƙasan akwati, ta ja shi ya miƙe har ba ko layi ɗaya. Sannan ta yi abin da ta saba. Ta fita ta ajiye bokiti, ta goge hannu, ta juyo.

Sai dai wannan karon ba matafiyi ta mai da kanta ba. Ta mai da kanta mutumin da ya yi shekara da shekaru ana rufe shi ta waje. Tun ba ta taɓa ƙofar ba idonta ya sauka a kan sakatar nan. Ta daure ta shiga ta zauna a bakin gado. Rana ta karkata, inuwar ƙarafan taga ta kwanta layi-layi a kan farin zanin gadon. Ashe duk wannan wahalar, kurkuku ta share masa ta yi wa fenti.

Da safe ta kira mai walda. Ya dubi tagar, ya dube ta.

"Mama, duk garin nan kirana ake in sa ƙarfe. Ke kaɗai kika kira ni in cire. Ɓarayi fa?"

"Me za su ɗauka? Matashi?"

"Ko ba su ɗauki komai ba ai za su leƙo su gaishe ki."

"In sun leƙo na ba su tsintsiya. Yanke. Sakatar nan kuma ka mai da ita ciki. Shi zai rufe kansa in ya ga dama, shi zai buɗe."

Ƙarar injin yankan ƙarfe ta fito da duk layin. Masu wucewa suka tsaya, masu shago suka leƙo. Wannan bai dame ta ba, su kalla har idonsu ya gaji. Abin da ya dame ta wata ƙarar ce da ta ɗauke. A gidan da ke kallon nasu, Tela, matar marigayin, kullum a bakin ƙofa take ajiye kekenta, kullum ana jin tafiyarsa tun safe. Yau ya yi shiru.

A duk layin nan mace ɗaya ce take da bakin magana a kan Auta, ita ce kuma ba ta ce uffan ba. Masu surutun, ko farcensu bai karye a lamarin ba.

Ta-Masauki ta wanke hannu ta tsallaka titi. Ta yi sallama. Tela ta amsa ba ta ɗago ba, tana warware wani ɗinki da reza.

"Izini kika zo nema?"

"A'a. Na zo ne kada ki ji a bakin mutane. Zai fito, kuma nan zai dawo."

"Na riga na ji a bakin inji." Ta ja zare ta yar. "Kin yi fenti, kin sa farin zani. Mijina fa, wa ya gyara masa ɗaki?"

"An gyara masa, wanda ya fi nawa nesa ba kusa ba."

"Kada ki yi min wa'azi, Gwaggo. Na sha wa'azi har ya ginshe ni. Zauna nan." Ta tashi daga kujerar keken. "Ki zauna, na ce."

Ta-Masauki ta zauna. Ta sunkuya kamar mai sa zare a allura, sannan ta ɗago. Tagar ce tsaye a gabanta, ɓaro-ɓaro. Da, ƙarafa da kwalaye sun rufe ta. Yanzu ga gado, ga matashi, ga farin bango, kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

"Kin gani?" in ji Tela. "Nan nake zama, don nan ne haske. Da keken nan na ciyar da yaron da ƙanenki ya mayar maraya. Yanzu kuma duk sanda na ɗago in ga yana miƙa yana hamma."

Duk shekarun da Ta-Masauki ta yi tana zama inda baƙo zai zauna, bai taɓa faɗo mata ta zauna a wannan kujerar ba. Ta daɗe tana kallon tagar.

"Na gani," ta ce. "Ba zan ce miki ba zai dawo ba, don zai dawo. Amma tagar nan, ba za ki ƙara ganinta ba."

"Ki yi yadda kika ga dama. Ni dai ban yafe ba."

"Ban zo karɓa ba."

Washegari birkila ya jera bulo ya toshe tagar, ya shafe ta da siminti, ya fasa bangon ciki ya fitar da sabuwa mai kallon tsakar gida. Layi ya samu abin taunawa. Wai ta haukace, jiya ta cire ƙarfe, yau ta toshe tagar gaba ɗaya, gobe rufin za ta ɗaye. Ba wanda ta tsaya yi wa bayani. Ta sake share ƙura, ta sake fenti, ta sake wanke zanin gado.

Babba ya dawo ya ga aikin, ya riƙe ƙugu. "Mama, yanzu ai ƙofata take kallo."

"Kai ɗan'uwansa ne, za ka iya."

Ya je ya sayo sabon kwaɗo ya sa wa ƙofar ɗakinsa, a gidan da ba a taɓa kulle ɗaki da rana ba. Ta dubi kwaɗon, ta ce Allah ya sa ya yi ƙarko, ta wuce.

Sai jira. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa, wata ya mutu wani ya tsaya. Kowace safiya kafin ta tafi aiki sai ta buɗe tagar, ta kaɗe shimfiɗa, ta zubar da ruwan jiya ta cika jug da sabo. Matar Babba ta ce, "Mama, zanin da ba a kwana a kai ba, me ake wankewa?" Ta ce ƙura ba ta san ba a kwana ba. A hanya masu shago sukan ɗaga murya, "Ta-Masauki, baƙon bai iso ba?" Takan ce, "Bai iso ba. Ɗaki dai a shirye yake." Wasu ranakun da ƙyar maganar ke fita, don ita ma mutum ce, takan ce a ranta ko na saman sun manta ne. Amma ba ta taɓa barin ruwan ya kwana biyu ba. Ta ce wanda bai faɗa maka ranar zuwansa ba, kowace rana tasa ce, haka aka koya mata a coci, haka kuma ta gani a wurin aiki.

Ranar da ya zo ranar hutunta ce, da tsakar rana, tana wanki. Ta ɗauko baho za ta watsa ruwan kumfa a waje, ta ja ƙofar gida, sai ga mutum tsaye. Ramamme, furfura a gemu, leda ɗaya a hannu. Daga yadda gumi ya jiƙa masa riga, ya daɗe a wurin.

"Yaya."

Ta ajiye bahon a hankali. "Tun yaushe kake nan? Ai a buɗe take."

"Na saba sai an buɗe min."

Ta matsa gefe ta ba shi hanya. Bai motsa ba.

"Gaisuwa na zo yi, Yaya. Wani da muka zauna tare ya ce akwai gareji a garinsu, in je. Na ga Tela a ƙofarta. Ita ma ta gan ni." Ya sauya ledar zuwa ɗaya hannun. "Ban isa in kwana a layin nan ba."

"Wa ya ce maka ka isa?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Ba ka isa ba. Ba don ka isa aka gyara ɗakin ba, don ana jiranka ne. Matan coci sun ce kada ka zo, ban ji ba. Babba ya ce kada ka zo, ban ji ba. Sai kai ne za ka zo daga ƙarshe ka ce a'a in ji? Kai da na goya kana min fitsari a baya?"

"Tela fa?"

"Tela ba ta yafe ba. Kuma ba za ka je ka tsaya mata a ƙofa kana kuka don ta sauke maka kayanka ba, nata ya ishe ta. In za ka fita ka bi ta hagu, ka sunkuyar da kai. In wata rana ta kira ka, ka je. In ba ta kira ba, ka ɗauki abinka haka har ka mutu. Gudu wani gari ba zai ta da mijinta ba, ni kaɗai zai kashe. Shiga, wankina na jirana."

Sai ya ɗaga ƙafa ya tsallake dokin ƙofa.

Ta kai shi har bakin ɗakin, ba ta bi shi ciki ba. Ta koma kan wankinta, ta yi ta cuɗa riga ɗaya da ta riga ta fita tas, tana share ido da kafaɗa. Can da ta je shanya ta saci kallo ta taga. Bai hau gadon ba. Ya kwanta a ƙasa kusa da shi, takalmi a ƙafa, leda a ƙarƙashin kai, barci ya kwashe shi baki buɗe. Ta ƙyale shi. Gado ba gudu zai yi ba.

Ba a jima ba sai ga Babba, ya rufe shago tun lokaci bai yi ba, don labari ya kai masa. Ya shigo da sauri, ya zo tsakiyar gida ya ja birki. Daga nan ana ganin cikin ɗakin. Ya daɗe yana kallo.

"Ya tsufa," ya ce.

"Da kana zuwa da ka ga yana tsufan a hankali."

Ya haɗiye wannan. "Har yaushe zai zauna?"

"Har ranar da za a kira mu, ni ko shi, duk wanda aka fara gama wa nasa ɗakin a can. Rage murya, yana barci. In kana so ka yi amfani, ga bokiti can, ka ɗebo masa ruwan wanka."

Babba ya juya ya dubi bokitin. Ba ta tsaya ganin ko zai ɗauka ba. Ta shiga kicin, ta buɗe buhu, ta ƙara shinkafar mutum ɗaya a kan wadda aka auna.